Alƙalamin Baba A Hannuna

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutuna na yau, a gurguje nake yinsa. Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Rhoda Tunstall, 'yar Matthias Tunstall marubucin nan na Landan, kuma saurayin da nake so yana neman kuɓuce mini saboda babi ɗaya na ƙagaggen labari.

Piers Garrod sunansa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar wanda ya yi laifi. Ya shiga ɗakin karatun Baba ya nemi aurena, Baba ya ce ya ba shi, har da ƙara masa gargaɗi wai ya yi hattara don ina da baki. An ba Piers aikin gwamnati a Indiya, jirginsa zai tashi ƙarshen wata. In ba a fara shelar aurenmu a coci ranar Lahadin nan ba, wadda sai an yi ta Lahadi uku a jere kafin a ɗaura aure, to shi kaɗai zai hau jirgin, kuma masu tafiya irin wannan aiki sai an yi shekaru kafin a sake sa su a ido. Shi kuwa ba zai bari a kira sunansa a coci ba sai mahaifiyarsa ta sa albarka. Na san halinsa tun kafin in fara sonsa, saboda haka ba zan zauna ina yi muku ƙorafi a kan wannan ba.

Goggo Lavinia, ƙanwar Baba, ita ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Mama. Ita ta ɗauke ni muka kai katin ziyara mai ɗauke da sunanmu gidan su Piers, kamar yadda al'adar nan take. Abin da ya rage shi ne Uwargida Garrod, mahaifiyar Piers, ta maido ziyara, ta ajiye nata katin a kan farantin azurfan da ke bakin ƙofarmu, shi ke nan an zama ɗaya. Goggo ta bi ta takura wa farantin nan da guga har ya zama madubi. Katin limamin coci ya zo, na matar likita ya zo, har na wani mai gyaran haƙori da ba mu taɓa jin sunansa ba. Na Uwargida Garrod shiru.

Da abin ya ishi Goggo sai ta ce mu koma. Ta sa na saka rigata mai ruwan toka, mai maɓallai tun daga wuya har ƙugu, ta sa Dorcas, tsohuwar mai aikinmu, ta ja igiyar rigar ciki har numfashina ya koma rabi. Sabuwar safar hannu, hula mai gashin tsuntsu, ba abin da aka bari. Mai tsaron ƙofarsu ya karɓi katinmu da yatsa biyu, ya shiga, ya fito.

"Uwargida ba ta gida."

Na ɗaga kai. Ga ta nan tsaye a tagar bene, rungume da ɗan karenta, tana kallonmu. Ko labule ba ta ja ba.

Goggo ta yi murmushi ta ce ayya, mun yi rashin sa'a, kamar da gaske. Sai da muka shiga keken doki, aka rufe mana ƙofa, sannan ta zaro hankici. Ni kuwa ba kuka ne ya zo mini ba, zuciya ce. Har muka iso gida kunnuwana zafi suke yi.

Duk wannan wulaƙancin a kan littafin Baba ne. "Shekarar Fari" sunansa, kowane wata mujalla tana fitar da babi ɗaya, yanzu na ƙarshe kaɗai ya rage. A cikinsa akwai wani Gwamna Dymock, wanda a shekarar da ruwa ya ƙi sauka bai fasa karɓar haraji ba, ya bari ana loda hatsi a jiragen ruwa, sannan ya shirya liyafa a lambun gidansa alhali mutane suna zube a bakin ƙofa. Wannan gwamnan yana da wata al'ada, in ana faɗa masa maganar da ba ya so sai ya zaro agogon aljihunsa ya riƙa ƙwanƙwasa tebur da shi. To duk wanda ya taɓa cin abinci da Sir Hector Garrod, mahaifin Piers, ya san ƙarar wannan agogon. Sir Hector ya mulki wani lardi a can Indiya, Baba kuma ya taɓa sauka a gidansa lokacin da yake yawon ganin ƙasashe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, har yau ban ji wanda ya ce Baba ya yi ƙarya ba. Cewa ake yi bai kyauta ba. Wai mutum ya ci abincinka, ya kwana a ɗakin baƙinka, sannan ya dawo gida ya sa ka a littafi.

Washegarin ziyarar, Goggo ta tare Baba a wajen karin kumallo. Tana shafa wa burodi man shanu kamar da shi take faɗa.

"Matthias, 'yarka za ta tsufa a ɗakin karatunka da tawada a yatsu."

"Ni ban kira sunan kowa ba, Lavinia."

"Ka kira agogonsa."

Nan fa Baba ya samu abin da yake so, ya ajiye cokali ya buɗe mana majalisa. Ya ce Ingila gida ce mai hawa-hawa, kowa yana goge takalmin na samansa yana taka yatsun na ƙasansa, kuma an sa wa wannan suna ladabi. Ya ce jam'iyyun nan biyu, duk da ya yi rayuwarsa yana jefa wa ɗaya ƙuri'a, bambancinsu kaɗan ne, ɗaya ta ɗauki kayan mutane tana ba da haƙuri, ɗayar ta ɗauka tana rera waƙar ƙasa. Da ya zo kan ƙasashen da muka mallaka sai muryarsa ta sauka.

"Mun ce koyarwa muka je yi. Malamin kirki yakan sa ranar da ɗalibi zai gama. Kin taɓa jin mun sa rana?"

Goggo ta ce ita ranar da ta dame ta ita ce Lahadi.

Kada ku ɗauka Baba wani waliyyi ne. Bai taɓa cewa mu tattara kayanmu mu dawo gobe ba, har yanzu gani yake duk duniya ba kotu irin tamu. Shayinsa daga can yake zuwa, sukari kuwa sai ya zuba har cokali ya kusa tsayawa, ba ya tambayar bayan wa ya tsage kafin ya iso tebur. In aka yi maganar mata su yi zaɓe sai ya yi dariya har da tari, alhali mace ce ke rubuta masa kowace kalma. Abu ɗaya ne kawai ba ya iya haɗiyewa: a yi abu, a ce ba a yi ba.

Eh, ni ke rubuta masa. Idanun Baba sun tafi, haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Kullum da safe ina zaune a teburin da ke jikin taga, shi yana zagaya ɗakin, hannu a baya, yana faɗa ina rubutawa. Ba ya tambaya ko na gama. Ƙarar bakin alƙalami a kan takarda yake saurare, in ta tsaya sai ya ci gaba. Ba ya yarda a maimaita masa abin da ya faɗa, wai kamar a mayar wa mutum abincin da ya riga ya tauna ne. Ni ke duba gyaran da maɗaba'a ta aiko, ni ke mayarwa. Abin da hannuna ya rubuta shi duniya ke karantawa da sunan Matthias Tunstall.

Da hantsi Dorcas ta shigo da tangaraho. Piers ba ya rubuta doguwar wasiƙa, sai dai ya aiko 'yan kalmomi daga ofis kamar mai ba da umarnin yaƙi.

GIDAN TARIHI. WAJEN DUWATSUN MASAR. KI ZO DA GOGGO IN DOLE. P.

Dole kuwa. Goggo ta samu benci ta zauna, ta ƙura wa wani akwatin gawa na dutse ido kamar za a yi mata jarrabawa a kansa. Piers yana tsaye da baƙar kwat, hula a hannu, ƙarƙashin idonsa ya yi duhu. Da na gan shi duk fushin da na ƙullo daga gida ya warware, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ya gaya mini sharaɗin mahaifiyarsa ba tare da ya kalle ni ba. In babin ƙarshe ya nuna Gwamna Dymock umarni ya bi daga sama, zuciyarsa kuma fara ce, to an manta da komai. Za ta zo gidanmu da ƙafarta, da zoben kakarsa a hannu.

Na tambaye shi ko abin da Baba ya rubuta gaskiya ne. Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce a can aka haife shi, kuma yana tuna liyafar, don ranar aka sa masa kayan matuƙan jirgin ruwa irin na yara. An fita da shi yawo, a hanyar dawowa da keken doki ya zo bakin ƙofa sai mai renonsa ta sa tafin hannunta ta rufe masa ido. Ya ce har yau yana tuna hannun.

"Amma ban ji komai ba, Rhoda. Ko tari ban ji ba. Shi ya sa nake gaya wa kaina babu kowa a wurin."

"Ka taɓa tambayar babanka?"

"A gidanmu ba a tambaya. Gaisawa ake yi."

Ya ce ba zai roƙe ni komai ba, kuma bai roƙa ba. Sai dai da na cire safar hannu zan gyara hulata, idonsa ya sauka a kan tawadar da ke yatsana, ya tsaya a nan. Ni ba yarinya ba ce, na gane.

Abin da shi ya kasa faɗa, Goggo ta faɗe shi tas da yamma, muna ninke zannuwan gadon da aka ɗinka wa harafin farko na sunana. Ta ce wa ke rubutawa? Wa ke duba gyara? Wa ke karanta wa Matthias mujalla? Ta ce in bar shi ya faɗi abin da yake so, ni kuma in rubuta abin da ya kamata. Kafin mujallar ta fito an yi shela, kafin wani ya kai masa labari ina tsakiyar teku.

Na ce mata wannan cin amana ne. Ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Nawa saurayin shi ma shi kaɗai ya hau jirgi. Ya ce zai dawo. Kin ga dai inda nake."

Ban taɓa sanin Goggo ta yi saurayi ba. Na kalli furfurar da ke leƙowa ta ƙarƙashin hularta, na kalli zannuwan, gabana ya faɗi. Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, na yarda. Na ce mata zan yi. Ku zage ni in kuna so, amma ina son mutumin nan, kuma tsoron zama Goggo Lavinia ya fi ƙarfina a wannan yammacin.

Kashegari Baba ya yi abin da bai yi ba tun da idonsa ya tafi. Ya sa aka goge masa doguwar kwat, aka kira masa keken doki, ya ce zai leƙa kulob, inda manyan maza irin su Sir Hector ke haɗuwa. Goggo ta raka shi har bakin ƙofa. Da ya dawo bai buɗe mana majalisa ba, bai zagi ko minista ɗaya ba. Na zuba masa shayi, na tura masa kwanon sukari, ya sha haka nan bai taɓa shi ba. Na ɗauka gajiya ce, don hankalina yana kan ƙaryar da nake shiryawa a kaina.

Sai ga safiyar babin ƙarshe. Hazon hayaƙin kwal ya rufe titi, har sai da Dorcas ta kunna mini fitila a kan tebur. Mista Oakes na maɗaba'a ya riga ya iso, yana kicin yana shan shayi yana jiran takardu kamar yadda ya saba. Na sa tsohuwar rigata ta aiki, shuɗiya, wadda hannunta ya sha tawada. Na tsoma alƙalami. Jimlolina na ƙarya a shirye suke, na haddace su kamar karatun makaranta.

Baba bai zagaya ɗakin ba. Ya lalubi kujerarsa ta bakin murhu ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Rubuta. Gwamna Dymock, wanda duniya ta yi wa mummunar fahimta, bai aikata komai ba sai abin da aka umarce shi daga sama."

Na ɗago kai na dube shi. Ya ci gaba. Wai hatsin an riga an sayar tun kafin gwamnan ya kama aiki. Wai waɗanda ke bakin ƙofa 'yan tsiraru ne, irin waɗanda ba a rasawa a kowane biki. Wai da baƙi suka watse gwamnan ya shiga ɗaki ya yi kuka. Kusan kalma da kalma abin da na shirya ke nan, sai dai nasa ya fi nawa kyau, don shi gwani ne ko a ƙarya. Muryarsa kuwa ba rai a cikinta, kamar mai karanta sanarwar mutuwa.

A nan na gane abin da ya kai shi kulob. Na zo in sayar da shi a ɓoye, na tarar ya riga ya sayar da kansa saboda ni. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa. Mutumin da ya rasa ido bai rasa bakinsa ba, mutumin da aka daina gayyata gidaje saboda wannan littafin ko a jikinsa, shi ne yake zaune yana wanke Sir Hector don a sa mini zobe.

"Rhoda, ban ji alƙalami ba."

"Ci gaba, Baba."

Na sake tsoma shi a tawada. Amma hannuna ya ƙi rubuta abin da yake faɗa. Na san ainihin babin, ya sha ba ni labarinsa a bakin wannan murhun tun ina da kitson 'yan makaranta. Fararen tantuna a kan ciyawar da ake shayarwa da ruwan rijiyar gwamna. Masu busa da jajayen riguna. Ƙanƙarar da aka kawo daga nesa don sanyaya abin sha. Jami'in da ya zo ya sunkuya ya yi wa gwamna raɗa, da agogon da aka zaro aka ƙwanƙwasa tebur. Sannan ƙofa, da waɗanda ke bayanta. Shi na fara rubutawa, ban san lokacin da na daina jin muryar Baba ba.

"Na yi shiru tun ɗazu," ya ce. "Alƙalami bai yi shiru ba. Me kike rubutawa?"

"Babin ƙarshe."

"Jiya na ba Sir Hector hannu a gaban mutane, na yi masa alkawari."

"Naka ka ba shi, Baba. Nawa ba wanda ya tambaye shi."

Na zaci zai daka mini tsawa. Ya juyo da fuskarsa wajen fitila, inda yake ganin ɗan haske, ya ce in karanta masa. Tun da na fara yi masa rubutu bai taɓa cewa haka ba. Na karanta. Na wuce tantuna, na wuce agogo, na zo inda na rubuta cewa kukan mutanen da ke bakin ƙofa ya danne busar da ake yi a lambu.

"Tsaya. Wannan ba daidai ba ne."

Na tsaya.

"Ba su yi kuka ba. Ba su da ƙarfin kuka. Zaune suke a jere a jikin katanga, da 'ya'yansu a cinya, suna kallonmu muna shiga. Shiru suka yi. Rubuta haka."

Ko tari ban ji ba. Maganar Piers ta dawo mini, na ga ɗan yaron nan da kayan matuƙan jirgi, an rufe masa ido. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, na sa hannun riga na danne shi kafin ya ɓata tawada. Na soke layina na rubuta nasa.

Da na gama ya tambaye ni ko na san abin da wannan zai ja mini. Na ce na sani. Ya ce shi tsoho ne, zai iya ƙarasa 'yan kwanakinsa a matsayin maƙaryaci, ba shi ne na farko a Landan ba, amma ni rayuwata tana gaba. Na ce masa shi ya sa. In na auri Piers can zan zauna, irin wannan ƙofar zan riƙa wucewa, wata rana kuma ɗana za a rufe wa ido. Ba zan iya shiga gidan da ƙaryar da na rubuta da hannuna ta buɗe mini ƙofarsa ba.

"A kulob za su ce Tunstall ba shi da alkawari."

"Za su ce ba ka kyauta ba."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ta fi kama da tari. Ya miƙo hannu, na sa masa alƙalami a yatsu, na ɗora bakinsa a ƙasan shafin ƙarshe. Ya sa hannu, sunan ya karkace ya gangara kamar yadda yake yi kullum.

Ban gama barbaɗa wa shafin yashin busar da tawada ba aka ƙwanƙwasa. Dorcas ce, riƙe da farantin azurfa da hannu biyu. Goggo tana bayanta, fuskar nan kamar an yi mata albishir da gidan aljanna, har hularta ta karkace ba ta sani ba. A tsakiyar farantin kati ɗaya, fari tas, mai kauri.

Goggo ta ce Uwargida Garrod ta zo, da kanta ta zo, tana cikin keken doki a ƙofar gida tare da Piers, kuma ta leƙa ta labule ta hango ɗan akwatin zobe a cinyarta. Ta ce in yi maza in cire wannan tsummar rigar, in wanke hannu da lemun tsami, Dorcas ta ɗauko mai ruwan tokar.

Dorcas ta ce, "Ana tambaya ko Mis Rhoda tana gida."

Na haɗa takardun, na daidaita gefensu, na ɗaure da zare. Na ba Dorcas na ce ta fara kai wa Mista Oakes, ya fita ta ƙofar baya. Sai da na ji an rufe ƙofar bayan, ta hawo ta sake tsayawa da farantinta, sannan na ba ta amsa.

"Ce mata ba na gida."

Goggo ta dafa bayan kujera. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta dubi teburin da ba takarda a kansa.

"Rhoda, me kika yi?"

Na miƙe daga kujera. Na je na tsaya a jikin taga, ban ja labule ba. Ba ramuwa nake nema ba, ko da yake Allah ya sani akwai ɗan wannan ma a ƙasan raina. Matar nan ta zo ne ta rungume ni, ta sa mini zoben kakar Piers, a kan babin da ba a rubuta ba. In na sauka na karɓa, na zama ɓarauniya.

Ta cikin hazo na ga Dorcas ta fita ta yi magana a tagar keken. Na ga hular Uwargida Garrod ta ɗago a hankali, idonta ya hau bene ya same ni. Mun daɗe muna kallon juna. Na jira in ga an kaɗa dawakai, kamar yadda kowane mai tarbiyya zai yi in an ce masa ba a gida. Dawakan ba su motsa ba. Ƙofar keken ce ta buɗe.

Baba ya karkata kai yana saurare.

"Wannan takun ba na gidan nan ba ne."

Ana hawowa da sauri, ana tsallake matakala. Piers, wanda bai taɓa shiga ɗaki ba a sanar da shi ba, ya turo ƙofar ɗakin karatu ba ko ƙwanƙwasawa. Yana haki, hula a hannu. Bai gaida Goggo ba, bai gaida Baba ba. Idonsa ya tafi kai tsaye kan yatsuna, inda tawada ba ta gama bushewa ba.

"Wanne kika rubuta?"

"Abin da mai renonka ta rufe maka ido kada ka gani."

Fuskarsa ta canza. Ya ce in ba shi ya karanta, na ce takardun sun riga sun tafi. Ya tsaya a bakin ƙofar, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Baba ya lalubi kujerar da ke kusa da tasa, ya turo ta gaba da ƙafa.

"Zauna, ɗana. Ni na gani, lokacin da nake da ido. In kana son tambaya, a gidan nan ana tambaya."

Piers ya dubi kujerar. Ya dube ni. Daga ƙasa aka ja igiyar ƙararrawar ƙofa da ƙarfi, ja irin na wadda ba ta saba jira ba, kuma har yanzu hularsa tana hannunsa.